Farin Yadin da Muka Kai Vilnius

Tun da muka dawo ban huta ba. A wurin aiki tambaya, a kasuwar Aziziya ina tsakiyar zaɓen tumatir tambaya, ranar Juma'a kuwa in matan unguwarmu ta Al-Oud sun taru a gidan Hajiya Laure, sai shinkafata ta huce ina ba da labari. "Sista Rakiya, wai da gaske ƙasar 'yan kwaminis kuka je? Me kuka ci? Suna salla?" Wata ma cewa ta yi ta ji ana yi wa baƙi allura a filin jirgi su manta da Allah. Na ce mata ni ma'aikaciyar jinya ce, da akwai irin wannan allura da na taɓa ganin kwalbarta. Na gaji da maimaitawa, ga shi kullum labarin ƙara tsawo yake yi a bakin mutane, shi ya sa na zauna na rubuta. Duk wadda ta sake tambayata takarda zan miƙa mata.

Maigidana Sani, wanda kuke kira Dakta ni kuma nake kira Baban Ummi, a Rasha ya yi karatun likita tun kafin aurenmu. Abokin ɗakinsa a makaranta wani ne mai suna Adam, mutumin Vilnius, babban birnin Lituweniya, ɗaya daga cikin ƙasashen da ke ƙarƙashin Tarayyar Sobiyat. Adam ɗan ƙabilar Tatar ne. Musulmi ne su, kakanninsu sun zo ƙasar ɗaruruwan shekaru da suka wuce suna yi wa sarakunanta aikin soja, harshensu ya ɓace amma suka riƙe addini. In an yi hutu Adam kan tafi da Baban Ummi gida, mahaifiyarsa Iya Halima ta yanka masa kaza da bismilla, ta saƙa masa safar sanyi, ta yi masa faɗa in ya rame.

Ranar da ya je yi mata sallamar ƙarshe, ta ja shi kicin ta rufe ƙofa. Ta ce masa, "In Allah ya kai ka Makka, ka sayo mini likkafani ka tsoma shi a Zamzam. Amma kada ka gaya wa Adam." Adam ma'aikacin gwamnati ne a ƙasar da ba a son jin zancen addini, kuma ko ba haka ba, ba ya iya jin maganar mutuwar uwarsa. Baban Ummi ya ce to.

Shekara goma sha ɗaya wannan "to" ɗin tana kwance. Biyar daga ciki a nan Riyad muka yi su, mun je Umra ban san iyaka ba, bawan Allah bai taɓa buɗe baki ya gaya mini ba. Sai da wasiƙar Adam ta zo. Ta Kano ta biyo, ƙanen Baban Ummi ya ba wani direba mai zuwa Riyad ya kawo mana, wata huɗu tana hanya. A ƙarshenta Adam ya rubuta: "Mama ta ce in tambaye ka ko ka tuna. Ban san me take nufi ba. Ƙafafunta sun kumbura, ta daina saukowa daga bene."

Ni da shi duk mun san abin da kumburin ƙafa ke nufi ga tsohuwar da ta haura tamanin. Ya ajiye takardar ya ba ni labari, kansa a ƙasa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Baban Ummi, matar da ta saƙa maka safa? Wallahi ko za mu tafi a ƙafa sai mun kai mata."

Washegari muka shiga kasuwar Dira. Wani dattijo Bayamane mai shagon yadi, ina cewa fari nake so mara ado, ya gane. Ya ce, "Rijjal walla hurma?" Wato namiji ko mace; na ce mace ce. Ya auna, ya ɗan tsaga bakin da almakashi ya ƙarasa ketawa da hannu, yana cewa Allah ya jiƙanta. Na ce, "Ya ammi, ai ba ta mutu ba." Ya dafe kai ya juya addu'ar, Allah ya ja kwananta, har da ƙarin rabin mita don ya wanke bakinsa. Ƙarshen mako muka tafi Makka, muka tsoma yadin a Zamzam, muka shanya shi a kan marmara kamar yadda alhazai ke yi. Na zauna gadinsa da takalmi a hannu ina korar tattabaru har ya bushe. Muka ciko galan ɗaya, na sayi dabino a Aziziya.

Takardu kuwa sun kusa sa ni hawan jini. Sai Adam ya aiko da takardar gayyata, sai kafili, wato wanda ya ɗauko mu aiki, ya saki fasfo, sai an buga mana izinin fita da dawowa. Kullum Baban Ummi ya je ofis, shugaban ofishin ya ce masa "bukra, inshallah," wato sai gobe. Wata uku muna cin bukra, ni kuwa kowace safiya sai na duba yadin nan a akwati ina tunanin ko mai shi tana numfashi. Da yake ba ofishin jakadancin Sobiyat a nan, sai da muka kwana huɗu a Kuwait. Abin da ya kwantar mini da hankali, bizarsu a wata takarda daban suke ba da ita, ba sa taɓa fasfo. Yara muka bar wa Hajiya Laure, Allah ya saka mata.

A filin jirgin Mosko muka faɗa hannun wani ɗan kwastan mai fuska kamar an aiko masa da saƙon mutuwa. Ya zazzage mana kaya tas. Da ya zo kan galan ya buɗe ya shinshina, ya ce giya ce. Baban Ummi ya ce ruwa ne. Ya ce to sha. Ya sha. Ɗan kwastan ma ya ɗiga a murfi ya ɗanɗana, ya kira abokin aikinsa ya ɗanɗana, suka tsaya suna kallonmu. Baban Ummi ya fassara mini tambayarsu: wai wane irin mutane ne za su ɗauko ruwa daga hamada su kawo ƙasar koguna? Ya ce musu cikin matarsa ne ba ya karɓar baƙon ruwa. Na dafe ciki na ɓata fuska don in taimaka masa. Ko ba komai 'yan kwastan biyu sun sha Zamzam ba su sani ba.

Sai ya jawo yadin ya fara warwarewa. Dama an gaya mana kayan addini ƙwacewa suke yi. Na ji Baban Ummi ya faɗi wata kalma, mutumin ya ɗaga kafaɗa ya tura mana. Muka tattara kaya a gurguje, kowa na cusa abin da hannunsa ya kai a jakar da ta fi kusa. Da muka fito na ce, "Me ka ce masa?" Ya ce, "Mayafin tebur ne, tsaraba." Na ce astagfirullah. Ya ce, "Ki yi istigfarin a hankali, har yanzu muna cikin gininsu."

Daga Mosko jirgin ƙasa muka hau. Ba irin namu na Kano zuwa Legas ba da ake shiga da akuya da buhun barkono, amma halin matafiya ɗaya ne, kowa ya zauna sai ya kwance ƙunshin abinci. Wata ƙatuwar mata ma'aikaciyar jirgin tana zagawa da shayi a kofin gilashi mai mariƙin ƙarfe. Wani tsoho da muke ɗaki ɗaya ya shimfiɗa jarida ya jera dafaffen ƙwai da kokwamba da wani farin abu yankakke. Na ɗauka cuku ne irin na Buzaye, har na kai hannu, Baban Ummi ya taka mini ƙafa. Kitsen alade ne. Don kada tsohon ya ji kunya na ɗauki ƙwai biyu, na ba shi dabino. Ya ci yana lumshe ido, ya ƙulle ƙwallayen a hankici wai zai shuka a bayan gidansa. Ban ga amfanin karya masa gwiwa ba.

Da safe Adam ya tarye mu a tasha, dogo mai sanƙo, shi da matarsa Aldona, 'yar ƙasar ce Kirista, malamar makaranta. Suka rungume juna shi da Baban Ummi suna bubbuga baya kamar masu kashe gobara. Aldona ta miƙo mini furanni. Na karɓa na rasa yadda zan yi da su, na riƙe su kai ƙasa kamar ɗaurin alayyahu har muka isa gida. Tambayar farko da Baban Ummi ya yi ita ce jikin Iya. Adam ya ce tana nan, tun asuba take bakin taga. Na saki ajiyar zuciyar da na riƙe fiye da wata uku.

A mota Adam ya tambayi yadda muka ƙare da kwastan. Baban Ummi ya ba shi labarin ruwa, ya ba shi labarin yadi, amma da yake sirri ne sai ya tsaya a kan mayafin tebur bai ƙarasa ba. Na ga Aldona ta waiwayo ta yi mini murmushi. Ni ma na yi mata, ban san me aka ce ba.

Gidansu a cikin tsohon gari yake. Ta wani dogon zaure ake shiga, sai tsakar gida, iyalai da yawa kowa da ƙofarsa, igiyar shanya ta ratsa ko'ina, sak gidan haya a Fagge in ban da sanyi. Muka hau matakalar katako muka tarar da Iya Halima, 'yar mitsitsiyar tsohuwa da ɗankwali, ƙafafu cikin bargo. Ta kama kunnuwan Baban Ummi biyu ta jijjiga, ta ce, "Sani, ka yi ƙiba." Ni kuma ta ce mini "Salamu alaikum" tiryan-tiryan, ta shafa fuskata. Sannan ta kalle shi, kallon tambaya. Ya gyaɗa kai kaɗan. Ta rufe ido, leɓenta na motsi.

A nan na yi tawa wautar. Kun san mu, baƙo ba ya tsayawa yana rarraba tsaraba ɗaya-ɗaya kamar mai talla, jakar ake miƙa wa matar gida a rufe a kau da kai. Haka na yi, na miƙa wa Aldona jakar dabino da turare da atamfa. A sanina yadin na cikin akwatina. Shirinmu shi ne gobe in Adam ya tafi aiki mu ba Iya kayanta a ɓoye.

Gobe ta yi, Adam ya ce ya ɗauki hutu, zai zaga da mu gari, Aldona kuma za ta zauna ta yi girkin walima. Kafin mu fita na buɗe akwati na juye shi, ba yadi. Na raɗa wa Baban Ummi. Ya ce yana cikin wata jakar, in mun dawo ma duba. Haka maza suke, in abu ya ɓace sai su ce yana nan.

Garin nan, 'yan'uwa, sai wanda ya gani. Lunguna ne siriri masu lanƙwasa, an shimfiɗe su da duwatsu, takalmina mai tsini ya gane kurensa tun kafin mu yi nisa. Adam na gaba yana nuni. Nan titin Tatar. Nan unguwar Jamusawa ce a da, allon ya canza suna amma tsofaffi ba su canza ba. Nan 'yan Folan, can Rashawa da cocinsu mai ƙubba kamar albasa. Na ce wa Baban Ummi, "Gaya masa ai garinmu ne wannan." A cikin birnin Kano ma ga Ayagi ta Yarabawa, ga Tudun Nufawa, ga Zangon Barebari, ga Dandalin Turawa inda Larabawa suka sauka. Kowa fatauci ko yaƙi ya kawo kakansa, ya zauna ya haihu har ya manta hanyar gida. Adam ya ji daɗin wannan magana, ya sa na maimaita masa sunayen yana gwadawa, ya kasa Zangon Barebari.

Akwai wata tsohuwar ƙofar gari da hoton Nana Maryamu a samanta. Tsofaffin mata na durƙushe a kan dutse a tsakiyar titi suna addu'a, ba ruwansu da ɗan sandan da ke tsaye. Ɗaya ta gama ta miƙe, ta ƙare mini kallo tun daga ɗankwali har ƙasa, ta laluba jakarta ta ba ni tuffa. Gaba kaɗan wani babban coci ne da gwamnati ta mayar gidan nuna cewa babu Allah. Adam ya ce ko za mu shiga. Na ce ya bar shi, ƙafata ciwo take.

Da muka shiga wasu lunguna sai muryarsa ta yi ƙasa. Ya ce nan Yahudawa suka cika a da, da makarantunsu da kasuwarsu, yaƙin Jamus ya cinye su kusan duka, wurin ibadarsu ɗaya ya rage a garin. Daga nan ya fitar da mu bayan tsohon garin, kusa da kogi, ya tsaya gaban wani ginin gwamnati mai tagogi da yawa. Ya ce nan masallacinsu na katako yake da, da maƙabarta, a nan aka ɗaura auren uwarsa. An rushe. Ya faɗi haka yana kallon agogo. Na ji tausayinsa, na kuma ji kunyar yadda nake ƙorafi in lasifikar masallatai uku sun haɗu a kunnena a Al-Oud.

Na so in manta da wata. A hanyar dawowa na ga mata sun yi dogon layi, na ce me ake sayarwa. Adam ya ce shi ma bai sani ba, a nan layi ake fara shiga sannan a tambaya. Muka shiga. Da aka zo kanmu ashe takalman sanyi ne na maza, duk lamba ɗaya. Duk wannan yawo rabin hankalina na kan yadi.

Muna buɗe ƙofar gida na gan shi. An ninka shi biyu an shimfiɗa a dogon tebur, ya zubo har ƙasa ta kowane gefe, an goge shi da dutsen guga. A kansa farantai da cokula, da furannin da aka ba ni jiya a cikin kwalba. Aldona na tsaye tana murmushi, tana jiran in yaba. Ashe a gurgujen Mosko cikin jakar tsaraba ya faɗa, ita kuma ta ji da kunnenta an ce mayafin tebur ne. A wurinsu kuwa babbar karramawa ce a shimfiɗa kyautar baƙo a gabansa.

Na ce, "Baban Ummi." Ya ce, "Na gani. Zauna."

Adam ya ɗauko Iya a kujerarta ya kawo ta kan tebur. Aka kira maƙwabcinsu Mendel, wani tsohon tela Bayahude da ke ɗakin ƙasa, wanda suka shekara arba'in suna gaisawa da Iya a tsakar gida. Iya ta ɗora tafin hannunta a kan yadin ta shafa. Ta kalli Baban Ummi. Ta gane sarai.

Aldona ta kawo miyar da suke ji da ita lokacin zafi. Mai sanyi ce, da kindirmo ake yi da wani jan tushe mai kama da dankali, launinta ruwan hoda kamar a shafa a bango. Ta cika mini kwano. Tsorona kada ko ɗigo ya taɓa yadin. Ina ƙoƙarin janye kwanon daga kan yadin zuwa cinyata, ya kife. Tabo ya bazu, faɗin tafin hannu biyu. Ban san lokacin da na ce "Innalillahi!" na fashe da kuka ba.

Aldona ta rugo tana lallashi, wai ba komai, ai mayafin tebur ne, gobe za ta tafasa shi da sabulu. Jin an fassara mini tafasawa kukan ya ƙaru. Tsoho Mendel dai ya sunkuya. Ya kamo bakin yadin yana murzawa tsakanin yatsu, ya bi shi da ido har ƙasa. Sannan ya yi magana a hankali, Baban Ummi na raɗa mini.

"Ba a kalmashe bakinsa ba. Da hannu aka keta shi. Kafin yaƙi na yanka wa mutanenmu irinsa da yawa, mu ma a fari muke tafiya. Waɗanda suka tafi a yaƙin ko ƙyalle ba su samu ba." Ya juya ga Iya. "Halima, naki ne?"

Ta ce, "Nawa ne."

Aldona ta toshe baki da hannu, ta fara kwashe farantai. Adam ya miƙe fuskarsa ta yi ja, ya rasa wanda zai fara yi wa faɗa, uwarsa ko abokinsa. Ya ce, "Mama, ni ba ɗanki ba ne? Sai baƙo za ki aika?"

Iya ta buga tebur da 'yan yatsunta. "Zauna. Aldona, mayar da farantan." Suka bi umarni kamar yara. Ta ce, "Sau nawa na fara yi maka maganar nan? Kullum sai ka kawo mini ƙwaya ka ce in kwanta. Da na mutu da rigar fita za ka sa mini, ka kira masu busa ƙaho kamar yadda aka yi wa shugaban asibitinku. Ni yadda aka sa uwata nake so a sa ni."

Adam ya kifa kai a kan yadin, kafaɗunsa na girgiza. Ta bar shi ya yi mai isarsa tana shafa sanƙonsa. Sannan ta ce kowa ya ci abinci, miya ba ta yi laifin komai ba. Muka ci a kan likkafaninta. Na sha kwano biyu, kuma gaskiya miyar da daɗi.

Washegari Iya ta kori maza. Ta sa Baban Ummi ya gaya mini buƙatarta daga bakin ƙofa kafin ya tafi. Matan da suka san wankan gawa a cikinsu sun ƙare, saura biyu a wani ƙauye, su ma sun girme ta. Tana so in koya wa Aldona. Na san wata a cikinku za ta ɗaga gira ta ce Kirista? Wannan sai ku kai wa malamai. Ni dai na duba garin nan ban ga wata macen da za ta tsaya mata ba sai wadda take yi mata wanka tun da ƙafa ta kumbura.

Mendel ya hawo da babban almakashinsa, ya miƙo daga waje bai shigo ba. Muka rage mu uku, ba sa jin harshena, ni ma ba na jin nasu. Na auna Iya da hannu na yanka: zane, riga, ɗankwali, da manyan mayafai biyu. Albarkacin ƙarin Bayamanen nan akwai rarar da za a iya yanke tabon a yar. Na sa almakashi, Iya ta riƙe hannuna. Ta nuna tabon, ta nuna ni da Aldona da ƙofar da maza suka fita, ta yi alamar kai loma baki, sannan ta dafa ƙirjinta. Na juya yadin na fitar da rigar yadda tabon zai zauna a inda ta nuna.

Sai darasi. Na ɗauko matashin kai zan yi misali da shi, Iya ta ture shi ta miƙe a gado da kanta, ta rufe ido ta haɗe hannu. Na yi bismilla, Aldona ta yi alamar addu'arsu a goshi da ƙirji, muka fara da busasshen tsumma. Na nuna mata yadda ake rufe jiki, yadda ake alwala, dama kafin hagu, sau uku. Tana kallo tana zanawa a littafin 'yan makaranta. Da ta zo gwadawa ta ɗaga hannun Iya ta kai tsumma hammata, sai gawa ta ƙyalƙyale da dariya. Ashe ba ta jure cakulkuli. Muka sake, ta sake fashewa. Sau huɗu muna yi, ƙarshe mu uku muka zube a gado muna dariya da hawaye har Adam ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ji ko lafiya.

Zamzam kuwa ta sha kofi ɗaya a zaune tana fuskantar inda Baban Ummi ya ce nan ne alƙibla. Ta sa aka ba Aldona kurɓi, aka kai wa Mendel kurɓi, Adam ma ya sha bai yi gardama ba. Sauran ta ce a ajiye na ɗaurayar ƙarshe. Aka naɗe kayan a saman kabad, a fili, inda kowa ke gani.

Kwana tara muka yi. Na ci dankali ta kowace fuska har na daina ƙirgawa, na koyi jiran magariba da rana ta ƙi faɗuwa sai mutum ya fara hamma. Ranar tafiya Iya ta ba ni safa ta ulu da ta saƙa tun idonta na gani. Na ce wa Baban Ummi ya gaya mata a Riyad ko takalmi nauyi yake mana. Ya ce ba zai fassara ba. Ta sake kama kunnuwansa, wannan karon ba ta jijjiga ba, ta daɗe a riƙe. Dawowa ba abin labari, sai dai zafin da ya mare mu a ƙofar jirgi, da Ummi da ta tarye ni da Larabci tana ƙarar ƙanenta.

Abin da ban gaya muku a gidan Hajiya Laure ba, don ni ma ban sani ba sai makon jiya, shi ne wasiƙa ta sake zuwa ta Kano. Iya Halima ta rasu farkon sanyi, da hantsi, a kujerarta ta bakin taga. Adam ya kai ta maƙabartar Tatar da ke ƙauye, ba ƙaho ba ganga, wani tsoho ya yi mata salla. Ɗaya daga cikin tsofaffin matan nan biyu masu wankan gawa ta samu zuwa, ta zauna a kujera tana karanta addu'a, Aldona ta yi aikin. Mendel ya raka su har bakin maƙabarta da hularsa a kai.

A ƙasan takardar Aldona ta ƙara layi uku da hannunta, ta ce a karanta wa Rakiya. Baban Ummi ya karanta mini.

"Na fara da dama, sau uku, yadda kika nuna. Tabon yana kan ƙirjinta. Da na kai hammata na tsaya na jira, ba ta yi dariya ba."

Wadda ta karanta wannan ta sa ta a addu'a. Sunanta Halima.